Waƙar da Nake Yi wa Sakinatu

Gawon Nama, Sakkwato
4 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Tambari,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ba ƙanwarka Mariyatu wannan takarda ta kawo maka, domin ƙafata ba za ta taka gidan nan naku na Mabera ba.

Tunda ka ajiye aikin gwamnati ka rungumi jita, na binciki abokan kiɗan naka, masu kiran kansu Taurarin Rima, kamar yadda ake binciken mai neman aure. Illo mai ganguna ɗan makaɗin mahauta ne, da kalangu aka yaye shi. Arzika na Dundaye a soja ya koyi busa, aka gama yaƙi ya dawo ba gona ba sana'a. Bitrus kuwa a cocinsu na Zuru ya iya jita. Ban zarge su ba, kowa abin gidansu ya ɗauko. Kai fa? Ubanka yadi ya sayar har ya koma ga Allah, ni kuma alli nake riƙe da shi a aji. A wane gida ka gaji tsalle a otal gaban mashaya?

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Iyatu

Mabera
9 ga Mayu, 1976

Inna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Wallahi ko ɗan sanda bai kai ki bincike ba! Sai dai kin tsallake gida ɗaya: namu.

Shekarar da ƙyanda ta ɗauke ƙanwata Sakinatu, ba wanda ya ga hawayenki. Amma kullum kina dakan gero kina rerawa a hankali: "Sakinatu ina kika kwana, zanen goyonki na nan a ninke." Ina bayan rumbu ina ji. A nan na fara sanin waƙa.

Da na rera wa abokaina, Illo ya ɗora ganga kan bugun taɓaryarki, Arzika ya kasa busa don kuka. Ranar Asabar sai da jama'a suka sa muka maimaita ta. Wani kamfani a Legas yana so mu sa ta a faifai. Albarkarki nake nema, Inna.

Ɗanki mai biyayya,
Tambari

Gawon Nama
11 ga Mayu, 1976

Tambari,

Na gaishe ka don addini ya ce a yi.

Ashe laɓe kake yi mini. Da aka binne ta, mata suka yi ta yabon haƙurina, na karɓi yabon na yi shiru, domin haka aka hore mu. Bakin turmin nan kaɗai ya rage mini da 'yata. Ko ubanka bai taɓa jin waƙar ba.

Na matsa wa Mariyatu ta gaya mini gaskiya. Ta ce idan kun kai kan sunan, maza sukan yi fito suna ihu, suna zaton wata budurwa kake yi wa. Yarinyar da ko yaye ba ta kai ba!

Ban yarda ba. Ku yi kalangun Illo, ku yi taken soja, ku yi abin da kuka ga dama. Wannan tawa ce, ka bar mini ita.

Iyatu

Legas
20 ga Yuni, 1976

Inna,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Mun riga mun yi alkawari da kamfanin tun kafin na rubuto miki, na ɗauka za ki yi murna. Mu huɗu ne, ba ni kaɗai ke da magana ba. Faifan ya fito. Na sa an buga sunanki a bayansa, domin kowa ya san mai waƙar.

Ɗanki,
Tambari

Gawon Nama
2 ga Yuli, 1976

Tambari,

Muna lafiya. Ba sai ka aiko da faifan ba, mai shayin bakin layinmu yana sa shi tun safe, 'yan ajina ma sun haddace.

Jiya na ɗauki taɓarya na gwada rera waƙar. Ina buɗe baki na ji gangunan Illo a bayana. Na yi shiru na ƙarasa dakana.

Ka riƙe ta. Allah ya ba ku kasuwa.

Iyatu