Saniyar Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yara da damina? Nan Doha lafiya, sai zafi.

Yaya, ranar Juma'a da ka yi ta kira, ba aiki nake ba. Tsohon wasan talabijin ɗin nan nake kallo, na matashin likitan dabbobin ƙauye, wanda ya sa na nace sai na karanci aikin. Na ce bari a gama. Shi likitan cikin wasan ya ciro maraƙinsa da rai. Ni kuwa kafin in neme ka, saniyar Inna ta mutu wurin haihuwa.

Da na ɗauka, da na gaya maka yadda za ka juya ɗan. Uwar saniyar nan fa aka sayar na yi karatun nan.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Ka roƙar min Inna gafara, har yau na kasa kiranta.

Ƙaninka,
Habu