Ciyawa Kafin Shinkafa

Litinin, 13 ga Nuwamba

Mun dawo daga asibiti. Likita Anan ta ce da safe jinina lafiya lau, amma da zarar na ci abinci sai suga ya haye sama ya ƙi saukowa. Ciwon bai shigo ba tukuna, a bakin ƙofa yake tsaye, in ji ta. Ta ba ni zuwa watan Maris. In ba a ga sauyi ba, sai magani kullum.

Matata Tokiko na gefena ta rungume jakarta. Shekara arba'in da aure, na san abin da ke ranta. Yayana Shigeo take tunawa, da yadda suga ya tafi da idanunsa. Ni ma shi nake tunawa. Amma a mota na ce mata likitocin zamani tsoratarwa ce sana'arsu.

Talata, 14 ga Nuwamba

Abin da ban rubuta jiya ba. Likita ta ce in rage shinkafa, in riƙa tafiya bayan cin abinci, in kuma fara da ganye. Sai ta ce, "Ko garin ganyen sha'ir ɗin nan da ake damawa. Zare-zaren da ke cikinsa ciki ba ya narkar da su, sukan rage wa suga gudu. Ba magani ba ne fa, taimako ne." Tokiko ta kalle ni, ni kuma na kalli taga.

Duk ganyen duniya, sai shi.

Tun da na miƙa wa ɗana Naofumi gonaki ya daina jiran ƙwaya. Sha'ir na kai tsawon hannu sai ya yanke shi ɗanye shar, ya kai wa masu yin garin. Kakana ya jira zangarniya ta nuna, ubana ya jira, ni ma na jira. Na ce masa wannan noman ciyawa ne. Daga ranar, hirarmu ba ta wuce ta ruwa da sanyi, ga shi tsakar gida ɗaya ce ta raba mu.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Na zauna cin abincin safe na tarar da kofi cike da koren ruwa a gaban kwanon shinkafata.

Na ce, "Ni akuya ce?"

Ta ce, "Akuya ai ta fi ka jin magana. Shanye, Baban Naofumi, miya na hucewa."

Na shanye. Kamar ruwan da aka wanke lauje a ciki. Na ce kada ta kuskura yaron ya ji. Ta ce, "To wa kake tsammani ya kawo garin?"

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Sanyi ya sauko. Kifin yau ya yi daɗi.

Laraba, 6 ga Disamba

Na je wurin wankan ruwan zafi, na tarar da abokina Kumazo ya jiƙa kansa har wuya. Bai bari na zauna ba ya ce, "Na ji an ce ka fara kiwo. Yaushe za a fara tatsa?" Tsofaffin wurin suka kwashe da dariya. Na ce gara ni kiwo nake, shi tumbinsa ne ke ɗaga ruwan. Da muna saka kaya ya matso ya ce a hankali, in dama da madara, shi haka yake sha. Tsohon munafuki! Ashe ya daɗe da shiga garke.

Laraba, 20 ga Disamba

Tafiya a kan titi ba daɗi. Mutum ya yi ta takawa ba inda za shi, kamar wanda ya yi ɓatan kai. Yau bayan abincin rana ƙafa ta kai ni gonar Naofumi ta bakin rafi. Ya bi tsiron da abin dannewa na tarakta, amma abin ba ya kaiwa kusurwoyi, raɓar ƙanƙara har ta fara ɗaga saiwa a wurin. Ban san lokacin da na shiga ba. Hannu a baya, tafiyar ƙaguwa, ina taka tsiron kamar yadda muke yi muna yara don ya kama ƙasa. Har na yi gumi.

Tafiya ce kawai. Likita ce ta sa.

Talata, 2 ga Janairu

Sabuwar shekara ta kayar da ni. Mochi ne, curin dakakkiyar shinkafa mai danƙo, wanda Tokiko ta gasa har ya kumbura, ga wake mai zaƙi a kai. Na ci, na ƙara, na sake ƙarawa tana kicin. Da na soki yatsa, na'urar awon suga ta nuna abin da ya sa ta ajiye buta ta zauna. Naofumi da matarsa Chisato na nan. Ba wanda ya yi mini faɗa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Chisato ta tashi ta kwashe sauran ba tare da ta dube ni ba.

Da za su fita Naofumi ya tsaya yana saka takalmi, ya ba ni baya, ya ce, "Baba, gonar bayan haikali ma tana da kusurwoyi."

Ashe ya sani.

Alhamis, 18 ga Janairu

Na gama taka gonar bayan haikali. Da madara garin ganyen ya fi shayuwa, amma ba zan gaya wa Kumazo ba.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Asibiti. Likita ta daɗe tana duba sakamakon, ta ce hawan ya ragu sosai. Na tambaye ta wanne ne ya yi aikin, tafiyar, ko rage shinkafar, ko ciyawar. Ta ce ba za ta iya raba su ba, kada in bar ko ɗaya. Maganar magani kuma a jinkirta. A hanyar gida Tokiko ta sa na tsaya ta sayi furanni. Da muka isa ta yi ta waƙa a kicin, muryar nan tata da ba ta taɓa hawa daidai ba. Na bar ƙofa a buɗe.

Talata, 27 ga Fabrairu

Gonar bakin rafi ta yi kore har tana ɗaukar ido. Kusurwoyin sun fi tsakiya kauri. Ban ce wa kowa ba. To, na gaya wa Tokiko. Sau biyu.

Litinin, 11 ga Maris

Da sassafe Naofumi ya zo ƙofa, hula a hannu. Wai an ce ruwa na tafe, shi kuma yana ganin ganyen na son ƙarin kwana. In ya jira, ƙasa ta jiƙe inji ba zai shiga ba, ganyen ya tsufa. Ya ce, "Baba, zo ka duba mini." Rabon da ya nemi ra'ayina a kan gona har na manta.

Muka tsuguna a bakin kunya. Na tsinki ganye na tauna, shi ma ya tauna. Laushi, da ɗan zaƙi can a ƙarshe. Na dubi gajimare ta wajen teku. Na ji bakina ya ce, "Yanke shi yau."

Ni na tuƙa motar zuwa wurin masu garin, don ganyen ba ya son jira bayan an yanka, kuma Chisato da ta saba kaiwa na da aiki. Mai awo ya ɗebi ganyen ya shinshina, ya ce na wa ne wannan. Na ce namu ne.

Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Sha'ir don ƙwaya aka yi shi, kowa ya sani. Ruwa ne kawai zai zo.

Jibi sai yankan gonar bayan haikali. Na ce wa Tokiko ta tashe ni da wuri.