Na Gano Kuskure a Bincikena, Malamina Ya Ce In Yi Shiru

Inna Ma'u, don Allah ki taimake ni, kwana biyar ke nan abinci ba ya shiga cikina.

Ni 'yar Bungudu ce, ina digiri na biyu a kimiyyar haske. Shekara biyu ina lissafi a kwamfuta kan yadda haske ke bi ta wata siririyar hanya ta azurfa, wadda silin gashi ya ninka ta kauri sau ɗari. Idan hasken ya yi ƙarfi sosai, yakan matse kansa ya fito a walƙiya gajeriya ƙwarai, irin wadda ake nema don saurin sadarwa. Sakamakona ya yi kyau, wata mujalla ta karɓa, wasu masana a ƙasar waje suka gayyace ni. Babanmu har 'yan uwansa na Tsafe ya tara aka yi walima.

Ranar Litinin ina shirya jawabin da zan gabatar, sai na ga ban sa adadin hasken da azurfar ke shanyewa daidai ba. Na gyara. Inna, walƙiyar ta ɓace! Hasken mutuwa yake tun kafin ya matse. Sau tara na maimaita, sakamakon bai canza ba.

Na ruga wurin malamina, bari in kira shi Dakta Haliru. Ko gezau bai yi ba. Wai tun bara ya lura, amma babu mai dubawa, in yi shiru in tafi, idan na je can na gyara. Mutumin da nake ɗauka kamar uba! Har yanzu na kasa yarda daga bakinsa na ji. Sunansa ma yana kan takardar da mujallar ta karɓa. Yaya zan yi?

Mai Ruɗani, Tudun Wada, Gusau

'Yata, ni ma sai da na karanta wasiƙarki sau biyu. Kuskure ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, kuma ba ki kai can ba tukuna.

Ban wanke malaminki ba, amma ina jin tsoro ne ya kama shi, ya ga sunansa da tafiyarki duk suna cikin haɗari. Koma wurinsa cikin ladabi da sabon lissafin, ki ce za ki rubuta wa mujallar, kina so ya sa hannu tare da ke. Ba shi mako guda. Idan ya ƙi, sanar da shugaban sashenku, ki aika ke kaɗai, kuma ki adana duk fayilolinki.

Masu gayyatarki wannan ne aikinsu, da wuya wata biyu su wuce ba su gano ba. Gara su ji daga gare ki. Suna iya janye gayyatar, ba zan ɓoye miki ba. Suna kuma iya ganin ɗalibar da ta kama kuskuren kanta.

Babanku kuwa, ki je Bungudu ki faɗa masa da bakinki kafin wani ya riga ki. Amma fara cin abinci. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya.

Inna Ma'u