Baba Tela a Ɗakin Ƙarshe

Litinin, 3 ga Maris
Mai Lab, wato mai gwaje-gwajen asibitinmu, ya kira ni tun ban ajiye jaka ba. Samfurin gado na shida ya nuna ƙwayar nan da ba ta jin kabafenem, maganin da muke ɓoyewa sai komai ya ƙi. Tsohon tela ne, ciwon suga ya kawo shi, an yanke masa yatsan ƙafa. Ƙwayar na zaune a hanjinsa, ba ta taɓa shi ba tukuna, amma in ta tsallaka jikin wani mai rauni, sai dai Allah ya kyauta. Ni ce nas mai hana yaɗuwar cuta, don haka ni na mayar da shi ɗakin ƙarshe, na manna jan kati a ƙofa. Ya ce, "'Yata, laifin me na yi?" Na ce babu, Baba, doka ce.

Laraba, 5 ga Maris
Na bi sauran gadajen da tsinken auduga ina ɗaukar samfur, har bakin famfo da magudana. 'Yan uwana nas sun ce ga 'Yar Sanda nan ta zo kame. Su yi ta faɗa, ni dai a wanke hannu.

Alhamis, 6 ga Maris
Na yi wa matar Baba bayani. Inna, haka kowa ke kiranta. Na ce ƙwayar ba ta jin magani, sai na ga fuskarta ta sauya. Ashe akwai jaririyar jika a gida. Na ce in ta sa rigar leda da safar hannu ta wanke hannu, ba komai, amma ina jin maganar farko kaɗai ta shiga kunnenta. Bakina wani lokaci, kai!

Asabar, 8 ga Maris
Sauran samfuran duk sun fito lafiya lau. Alhamdu lillahi.

Talata, 11 ga Maris
Baba ya daina cin abinci, ciwon kuma ya ƙi haɗewa. Likita ya ce in aka ci gaba haka, ƙafar ce za ta tafi.
Na tsaya a baranda ina kallo. Sa rigar leda da safa da cire su aiki ne, ga marasa lafiya jingim, shi ya sa kowa ya koyi dabara: a tura ƙofa da gwiwar hannu, a leƙa. "Baba, ya jiki? Akwai zafi?" Sai a wuce. Mai rabon abinci tana miƙa tire kan kujerar bakin ƙofa. Inna ma da ta ga masu fararen kaya ba sa shiga, sai ta tsaya inda muke tsayawa, tana ce masa, "Malam, ka daure ka ci." Shi kuwa ya juya wa kowa baya.
Ban da bakin faɗa. Ni ma daga nan nake gaishe shi, in ba samfur zan ɗauka ba. Abin ya tsaya mini a rai, wallahi tausayinsa nake ji.

Juma'a, 14 ga Maris
An sake gwaji, ƙwayar na nan daram. Ba zai fita daga ɗakin ba. Na yi wa Matiron, shugabarmu, maganar leƙen nan, ta ce in ba ta ƙarin hannu. Ita ma da gaskiyarta.

Litinin, 17 ga Maris
Da rana na ce wa kaina famfon ɗakinsa zan duba. Na sa riga da safa na shiga. Yana ganina ya fara juyawa gefen bango yana jan zanen gado, ya saba ɗaukar samfur ta bayansa ne kaɗai ke kawo ni. Ya ce, "Yi ki gama, 'yata."
Na ce, "Yau ba abin da zan ɗauka, Baba. Zama na zo yi."
Ya daɗe yana kallona. Can ya kama hannun rigar ledar ya ce wanda ya ɗinka wannan bai san aikinsa ba. Na yi dariya har da hawaye. Na jawo tiren, ya ci loma kaɗan yana ba ni labarin keken ɗinkinsa na farko.
Ina ɗagowa na ga Inna a bakin ƙofa. A hankali ta ce, "'Yar nan, akwai rigar da za ta shige ni?"
Ni na ɗaure mata igiyar a baya. Famfon kam ban duba ba, sai gobe.