Ƙafar Baba da Likitan Cikin Waya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Allah a makwancinki.

Ƙafar Baba ta sake kumbura, waccan da ciwon suga ya taɓa. Kin tuna asibitin Ɗan Iya da kike raka shi? Ya daina zuwa. Wani abokin aikinsa ya sa masa likita a waya, kyauta. Yanzu in an ambaci asibiti sai ya ce, "In yanki kati, in bi layi, alhali ga likita a aljihuna?"

Ni nake yi masa rubutun, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. In likitan ya tambayi jiki, Baba ya ce in rubuta da sauƙi. Kullum da sauƙi. Likitan kuma ya ce madalla, a ci gaba da magani.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ban taɓa ganin fuskar likitan ba, kuma sunan da ke fitowa yau daban, gobe daban. Wa ke biyansa? Ko mai kemis ɗin layinmu ba ya ba da auduga kyauta.

Likitan asibiti ba a sallamarsa da "da sauƙi". Ke kika ce min cewa yake yi, "Malam, cire safar mu gani." Ke ma haka kike, ki durƙusa ki duba tsakanin yatsun, yana mita kina dubawa.

Jiya ina zuba wa Baba ruwan alwala na ji wari. Da ya miƙo min wayar ya ce da sauƙi, sai na rubuta gaskiya: yatsa ɗaya ya yi baƙi, yana wari. Ban taɓa saɓa masa ba sai jiya.

Amsa ta zo, wai a kai shi asibiti nan take. Na karanta masa. Ya ce, "Kin gani? Dama can za su tura mu. Bakinsu ɗaya." Ni ma ban san ko haka ne ba, Inna. Amma yatsan da idona na gani.

Yau na je na faɗa wa yayarsa, Gwaggo Asabe. Ta ce gobe da sassafe za ta zo da mai keke, Baba ya ƙi shiga in ya isa. Shi kuwa ya karɓe wayarsa, ko gaisuwata bai amsa ba yau. Na yarda ya yi ta fushi da ni, in dai zai shiga keken.

Allah ya haskaka kabarinki, Innata. Allah ya bar mana Baba da ƙafarsa.

Taki har kullum,
Rabi