Geron Gwashi

Anka, 3 ga Oktoba, 2022

Halilu,

Assalamu alaikum. Shekara tara ban rubuta maka ba, tun ranar da ka ajiye alli ka koma rubuta wa ɗan siyasa jawabi. Yau dole ta sa.

Na ji maigidanka a rediyo. Ya ce mutum iri biyu suka rage a Bukkuyum: wanda ya gudu daga gonarsa, da wanda ɓarayin daji suka bari ya yi noma saboda nasu ne. Na gane hannunka. Ɗana Faruku ya yi noma a Gwashi ta Bukkuyum bana, yana ruf da ciki a kunyar gona in ya ji babura. Jiya 'yan sa-kai sun yanka mutum biyu a bakin kasuwa, laifinsu sabon gero. Ka sa ya janye maganar.

Wanka,
Lirwanu

Gummi, 9 ga Oktoba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna.

Kai ka koya mini a ajin muhawara cewa wanda ya fara raɗa wa magana suna shi ke cin gardama. Da mun ce yunwa ta kai mutane gona, sai a ce laifinmu ne, mu da ke kan mulki. Zaɓe saura wata biyar, maigida ba zai janye ba. Faruku ya bar Gwashi kawai, ya zo wurina, akwai ɗaki. Haba Yaya, ɗana ne shi ma.

Ƙaninka,
Halilu

Anka, 14 ga Oktoba

Halilu,

Salam. Faruku ya ji maganarka, ya taso ranar Laraba. Amma ka san gidanmu, ba a shiga wurin baba lokacin girbi hannu rabbana. Ya ɗaura maka damin gero ɗaya a bayan babur.

'Yan sa-kai sun tare shi kafin gada. Mai shayin wurin ya ce babbansu ya taɓa damin da bakin adda ya ce, "Kai, wanga na ina ne?" Faruku ya ce na Gwashi. Ya ambaci sunanka, ya ambaci na maigidanka. Suka yi dariya, ɗaya ya maimaita masa jawabin kalma bayan kalma. Sun sare shi a wuya da kafaɗa, suka ƙone babur ɗin.

Kada ka zo ta'aziyya da motar jam'iyya. Inna ba ta sani ba tukuna.

Mun rufe shi jiya bayan la'asar. Ya bar matarsa Zinatu da ciki wata bakwai.

Lirwanu