Jar Tutar Baba Yari

Agege, Legas

Yaya Radiyya,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyar Inna, yaya ƙafar tata? Yaya yara da mai gidanki? Ni lafiya lau, kunya ce dai ta hana ni sakat.

Kin san ɗakin tarihin Baba Yari, tsohon leburan jirgin ƙasan nan, inda na koyi karatun boko da kaina cikin littattafan gurguzu da jaridun yajin aiki. Ranar da hukuma ta kwashe mana baburanmu na okada, na shiga ina huci, na ce masa shi mai gadin maƙabarta ne, ya kulle juyin juya hali a gilashi talaka na shan duka a titi. Kin san bakina. Da ya tafi Azahar, na ɗauke jar tutar da ke ɗakin, mai guduma da lauje, muka yi zanga-zanga har Abule Egba.

Ta dawo duk taɓo. Don kada ya gane, na jiƙa ta da omo, na cuɗa da kyau.

Yaya, ashe baƙin zanen da ke gefenta ajami ne, da tawadar allo. Ni mai cika baki da karatu, na ɗauka datti ne! Sunayen leburori arba'in da bakwai ne da aka kora a yajin aikinsu. Kowa ya rubuta nasa da hannunsa, kuma babu su a ko'ina sai nan. Na zubar da su a kwata.

Da zagina ya yi, da na samu sauƙi. Shanya tutar ya yi, ya miƙo min biro, ya rufe ido yana kiran sunaye ina rubutawa. Kwana uku muna yi. A talatin da ɗaya ya tsaya, ya yi ta taɓa goshi. Ban iya kallonsa ba.

Ya ce yawancin sauran 'yan garinmu ne, Ƙaura Namoda. Don Allah ki bi tsofaffin unguwar tasha gida gida, ki tambayi wanda aka kori ubansa daga aikin jirgi. Ko laƙabi ne, ki rubuto min. Kada ki ɓoye musu wanda ya wanke.

Saura goma sha shida.

Ki gai da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Abdulrauf